Barin Gida Saboda Allah: Abin Da Hijira Ta Ci Wa Mutanen Makka

 

Shirin na yau zai duba wani baƙo da babu gidan da ba ya sauka, wato ranar da rayuwa ke juyawa a ce wa mutum ya tashi daga inda ya saba. Wani sauyin wurin aiki ne ya same shi. Wata aure ne zai kai ta garin da ba ta san kowa ba. Wani ritaya ce ta zo, wata kuma takaba. Akwai wanda shi da kansa ya gane cewa sana'ar da yake ci da iyalinsa da ita akwai haram a ciki, kuma zuciyarsa ta ƙi ba shi sakat. A irin wannan rana kowa yakan ce wa mutum ya dogara ga Allah. Magana ce ta gaskiya, sai dai ba kasafai ake bayyana yadda dogaron yake a aikace ba. Tarihin Hijira daga Makka zuwa Madina ya bayyana shi filla-filla, da sunayen mutane da abin da kowannensu ya bari a baya.

A zamanin halifancin Sayyidina Umar, wajen shekara ta 17 bayan Hijira, sahabbai sun zauna shawarar inda Musulmi za su fara ƙirga shekarunsu. Ga haihuwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ga shekarar da aka aiko shi, ga shekarar wafatinsa. Duk suka tsallake waɗannan, suka zaɓi shekarar da aka bar gida, wadda ta yi daidai da 622 Miladiyya. Mutanen da suka yanke wannan shawara su ne suka yi tafiyar da ƙafafunsu, sun kuwa san nauyinta.

Abu na farko da mai bin wannan tarihi zai lura da shi shi ne daɗewar da aka yi kafin a tashi. Shekara 13 Manzon Allah ya yi yana kira a Makka. A shekarar 615, da azaba ta yi tsanani, ya ba wasu sahabbai izini suka tsallaka teku zuwa Habasha, ƙasar Najjashi, sarki Kirista da aka shaida da adalci. Shi kuwa ya zauna. Ƙuraishawa suka ƙaurace wa danginsa kusan shekara 3, ba ciniki ba auratayya. Bayan wannan ya rasa Nana Hadiza da baffansa Abu Ɗalib a shekara guda. Ya tafi Ɗa'ifa neman masu karɓar saƙo, aka sa yara da wawaye suka jefe shi har jini ya zuba. Duk da haka bai zauna jiran ƙofa ta buɗe kanta ba. Kowace shekara lokacin aikin hajji yakan bi zangon ƙabilu ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda zai ba shi mafaka ya isar da saƙon Ubangijinsa. Da yawa suka ƙi.

Amsar ta fito daga Yasriba, wato Madina, garin manoman dabino da yaƙin ƙabilun Ausu da Hazraju ya gajiyar. A 620 mutum 6 daga Hazraju suka saurare shi suka karɓa. Shekara ta zagayo, mutum 12 suka yi masa mubaya'a a Aƙaba, kusa da Mina, ya haɗa su da Mus'abu ɗan Umairu ya je ya karantar da su. A hajjin 622 maza 73 da mata 2 suka zo wuri guda cikin dare, suka ɗauki alkawarin kare shi kamar yadda suke kare iyalansu. Sai da aka san inda za a sauka, aka san masu masauki, aka aika wanda ya zauna da su ya ga halinsu, sannan aka ce Musulmi su fara tafiya.

(Ɗan taƙaitaccen sauti)

Cikin waɗanda suka fara ɗaura kaya akwai Abu Salama da matarsa Ummu Salama da ƙaramin ɗansu Salama. Wannan iyali sun riga sun ɗanɗana baƙunci a Habasha sun dawo. Abu Salama ya ɗora matar da yaron a kan raƙumi ya ja akala, sai dangin matar, Banu Mugira, suka tare hanya. Suka ce shi dai ya fi ƙarfinsu a kan kansa, amma 'yarsu ba za su bari ya yi ta yawo da ita a duniya ba. Suka fizge akalar. Da dangin mijin, Banu Abdul Asad, suka ga haka, sai suka ce to yaron nasu ne, ba za su bar shi a hannun waɗancan ba. Aka yi ta ja-in-ja da yaron har hannunsa ya goce.

Cikin yini guda gida ɗaya ya rabu uku: miji ya nufi Madina shi kaɗai, mata tana tsare wurin danginta, yaro yana wurin dangin ubansa.

Ummu Salama da bakinta ta ba da labarin abin da ya biyo baya. Kullum da safe takan fita wani wuri da ake kira Abɗah, ta zauna tana kuka har yamma. Haka ta yi kusan shekara guda. Daga ƙarshe wani ɗan'uwanta ya ji tausayinta ya yi wa dangi magana, suka sake ta, waɗancan ma suka maido mata ɗanta. Ta hau raƙumi da yaron a cinya, ba ɗan rakiya, ta fuskanci tafiyar fiye da kilomita 400 cikin hamada. A Tan'im, inda alhazai da masu umara suka sani yau da Masallacin A'isha, ta haɗu da Usmanu ɗan Ɗalha, wanda a lokacin bai musulunta ba. Ya tambaye ta inda ta nufa da wanda ke tare da ita, ta ce Allah ne sai wannan yaro. Mutumin ya kama akalar raƙumin. In an zo zango sai ya durƙusar da shi ya ja da baya har ta sauka, ya koma gindin wata bishiya can nesa ya kwanta. Haka ya yi har suka hango Ƙuba, ya nuna mata ƙauyen da mijinta yake, ya juya ya koma Makka. Har ƙarshen rayuwarta tana cewa ba ta taɓa ganin abokin tafiya mai mutunci irinsa ba.

Suhaibu Barume nasa jarrabawar ta aljihu ce. Ya zo Makka ba shi da komai, ya yi kasuwanci ya tara dukiya. Da ya tashi tafiya Ƙuraishawa suka sha gabansa, suka ce ya zo musu fakiri ya yi arziki a cikinsu, ba zai fita da kansa da dukiyar gaba ɗaya ba. Ya tambaye su, in ya bar musu dukiyar za su ba shi hanya? Suka ce ƙwarai. Ya nuna musu inda take, ya isa Madina hannu rabbana. Da labari ya kai ga Manzon Allah sai ya ce cinikin Suhaibu ya yi riba.

Sayyidina Abubakar kuwa an jarraba shi da jira. Ya nemi izinin tafiya, aka ce ya dakata, wataƙila Allah ya ba shi abokin tafiya. Ya gane inda maganar ta dosa. Ya tanadi raƙuma 2, ya yi wata 4 yana kiwata su a gida. Mutane suna ta fita, unguwanni suna zama kufai, shi yana nan yana zuba wa raƙuma ganye, bai san ranar ba.

Ranar ta zo ne bayan manyan Ƙuraishawa sun taru a Darun Nadwa sun ƙulla cewa kowane gida zai ba da saurayi ɗaya da takobi, su far wa Manzon Allah gaba ɗaya, yadda jininsa zai rarrabu a kan dangogi, danginsa Banu Hashim su rasa wanda za su kama. Da tsakar rana, lokacin da ba a saba ziyara ba, Manzon Allah ya zo gidan Abubakar ya rufe fuska, ya shaida masa cewa an yi izini. Nana A'isha ta ce ba ta san mutum yana kuka don murna ba sai da ta ga mahaifinta a wannan rana. Abubakar ya miƙa masa raƙumi ɗaya kyauta, ya ce sai dai da kuɗinsa.

Yana da kyau masu sauraro su dubi tsarin tafiyar da idon basira, domin wanda ya tsara ta shi ne mutumin da wahayi ke sauka gare shi, wanda ya fi kowa yaƙini da kariyar Allah. Madina tana arewa, sai suka nufi kudu, suka shiga kogon dutsen Sauru suka kwana 3 har ƙurar nema ta lafa. Sayyidina Aliyu ya kwanta a shimfiɗar Manzon Allah ya lulluɓa da mayafinsa. Abdullahi ɗan Abubakar yakan wuni a majalisun Makka yana sauraren abin da ake ƙullawa, da dare ya kai labari kogo, kafin asuba ya dawo gari kamar a nan ya kwana. Amiru ɗan Fuhaira yakan koro tumaki ya bi sawunsa, su sha nono, tumakin kuma su shafe sawun. Asma'u 'yar Abubakar ta haɗa guzuri, ta rasa abin ɗaure bakin jaka, ta tsaga ɗamararta biyu. An kuma yi jinga da ƙwararren ɗan jagora, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, wanda yake kan addinin Ƙuraishawa amma ya san hanyar gaɓar teku kuma an amince da riƙon amanarsa, aka ba shi raƙuman aka yanka masa rana.

Duk da wannan shiri, masu nema sun iso har bakin kogon. Abubakar yana ganin ƙafafunsu. Ya raɗa wa Manzon Allah cewa da ɗayansu zai sunkuya da ya gan su. A nan dabara ta ƙare, babu sauran abin da ɗan Adam zai iya ƙarawa, kuma a nan Manzon Allah ya kwantar masa da hankali da cewa Allah yana tare da su. Alƙur'ani ya adana wannan lokaci a aya ta 40 ta Suratut Tauba. Natsuwar da aka samu a kogo ta zo ne a kan shirin wata 4, da jinga, da guzuri, da rabon aiki har ga 'yan mata da makiyayi. Bahaushe ya riga ya faɗa a tasa hikimar: Allah ya ce tashi in taimake ka.

Akwai kuma abin da aka bar Sayyidina Aliyu ya yi bayan kwanciya a shimfiɗa. Mutanen Makka, har da masu ƙaryata Manzon Allah, a wurinsa suke ajiye kayansu masu daraja. Aliyu ya ƙara kwana 3 a gari yana bin gida-gida yana mayar wa kowa ajiyarsa, sannan ya bi hanya a ƙafa. Mutanen da suka sa ladan raƙuma 100 ga wanda ya kawo Manzon Allah a raye ko a mace, bai tafi da ƙwandalarsu ba.

A hanya Suraƙa ɗan Malik ya biyo Manzon Allah da Abubakar da doki yana kwaɗayin ladan. Ƙafafun dokinsa suka yi ta nutsewa a ƙasa har ya saduda, ya roƙi a rubuta masa takardar aminci, Amiru ɗan Fuhaira ya rubuta a kan fata. Ranar wata Litinin a watan Rabi'ul Awwal, cikin Satumbar 622, suka sauka a Ƙuba.

(Ɗan taƙaitaccen sauti)

Galibi a nan masu ba da labari ke tsayawa, a kan murnar tarba. Amma duk wanda ya taɓa canza gari ya san cewa wahalar gaske takan fara ne bayan an sauke kaya.

Madina a lokacin gari ne mai zazzaɓi, akwai kwari mai kwantaccen ruwa da ake kira Buɗhan. Mutanen Makka, da suka saba da busasshiyar iska, suka yi ta kwanciya. Nana A'isha ta je duba mahaifinta ta tarar zazzaɓi ya rufe shi yana ambaton mutuwa. Bilal, wanda aka azabtar a rairayin Makka da dutse a ƙirji, in zazzaɓin ya sake shi sai ya ɗaga murya yana begen kwarin Makka da ciyayinta da duwatsunta. Da aka gaya wa Manzon Allah, bai tsawata musu da cewa imaninsu ya yi rauni ba. Addu'a ya yi: Allah ya sa musu son Madina kamar son Makka ko fiye, ya ba ta lafiya, ya sa albarka a ma'auninta. An ruwaito cewa shi kansa ya taɓa duban Makka ya shaida mata cewa ita ce mafi soyuwar ƙasa a gare shi, kuma da ba a fitar da shi ba da bai fita ba. Kewar gida ba ta rage wa kowa ladan biyayya ba.

Sai batun abin kaiwa baki. Muhajirai, wato waɗanda suka yi hijirar, fatake ne, Madina kuwa garin gonaki. Mutanen Madina, Ansaru, suka nemi a raba gonakin dabinonsu biyu, Manzon Allah bai amince ba, aka daidaita a kan aiki da rabon amfanin gona. Ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin baƙi da masu masauki, mutum da mutum. Abdurrahman ɗan Aufu ya faɗo a hannun Sa'adu ɗan Rabi'u, ɗaya daga cikin masu wadatar garin, wanda ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Abdurrahman ya sa masa albarka, ya ce a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Ya shiga kasuwar Banu Ƙainuƙa, ranar farko ya dawo da ɗan cuku da man shanu. Ba a daɗe ba ya yi aure da sadakin zinariya mai nauyin ƙwallon dabino. Daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran sahabbai.

Wannan labari yana da daɗin faɗa, har wasu kan ɗauka cewa alkawari ne: duk wanda ya bar wani abu don Allah zai ga ninkinsa a aljihu tun a duniya. Mus'abu ɗan Umairu ya isa ya gyara wannan fahimta. A Makka babu saurayin da ya kai shi ado da ƙamshi, ɗan gata ne wurin uwa mai dukiya. Da ya musulunta ta yanke masa komai. Shi ne ya share fagen Madina tun kafin kowa ya zo. A yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, ya yi shahada yana riƙe da tuta, aka rasa abin yi masa likkafani sai ɗan mayafinsa. In an rufe kai ƙafafu su fito, in an rufe ƙafafu kai ya fito. Manzon Allah ya ce a rufe kan, a sa ciyawa a ƙafafun.

Shekaru bayan haka aka kawo wa Abdurrahman ɗan Aufu abincin buɗa baki. Ya tuna Mus'abu, ya ce ya fi shi alheri amma ga yadda aka binne shi, su kuwa an shimfiɗa musu duniya har yana tsoron kada a ce an gaggauto musu da ladansu. Ya yi ta kuka har ya bar abincin. Mutum biyu, umarni ɗaya, hanya ɗaya, kuma wanda ya yi arzikin shi ne yake ganin ɗayan ya fi shi rabo.

Ummu Salama ma ba ta gama da sauyi ba. Raunin da Abu Salama ya samu a Uhudu ya tashi, ya rasu a shekara ta 4, ya bar ta da ƙananan yara a garin da ba nata ba. Ta yi addu'ar da aka koya wa wanda masifa ta sama, ta neman lada da madadi mafi alheri, tana faɗa a ranta wa zai fi Abu Salama. Da ta gama takaba Manzon Allah ya aure ta. Ita ce ta ba shi shawarar da ta warware damuwar sahabbai a Hudaibiyya a shekara ta 6, kuma ita ce ta ƙarshen rasuwa cikin matansa.

(Ɗan taƙaitaccen sauti)

Ƙasar Hausa ta san wannan tarihi ta hanyar da ta wuce karatu. A watan Fabrairun 1804, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, yana da shekara kusan 50, ya tashi daga Degel, inda ya daɗe yana karantarwa, zuwa Gudu, bayan dangantaka ta lalace tsakanin jama'arsa da Sarkin Gobir Yunfa. Shi ma bai tashi da garaje ba. Tun zamanin Sarki Bawa Jan Gwarzo yake wa'azi cikin ƙasar, ya ga dokokin Sarki Nafata da suka taƙaita wa'azi suka hana rawani da lulluɓi, ya ci gaba da zama. Da tashin ya zama dole, littattafansa suna cikin abin da aka fara ɗorawa a raƙuma. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, tana yarinya ta yi wannan tafiya. Abin da ya biyo baya yunwa ce da cuta da ƙaura daga zango zuwa zango, kuma a yaƙin Tsuntsuwa, a ƙarshen wannan shekara, jama'ar ta yi asarar ɗimbin mutane, ciki har da mahaddata Alƙur'ani masu yawa.

Ƙanen Shehu, Malam Abdullahi, ya bar wani darasi na daban. Wajen 1807, da ya ga son duniya ya fara shiga zukatan wasu daga cikin jama'a, ransa ya ɓaci, ya kama hanyar gabas da niyyar zuwa Makka. Da ya isa Kano mutanen gari suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake gudanar da mulki bisa shari'a. Ya tsaya, ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu littafin Diya'ul Hukkam, daga nan ya juya ya koma wurin ɗan'uwansa. Ya fito da niyyar ibada, ya tarar cewa abin da ke wuyansa a lokacin shi ne aikin da ya baro.

Wannan ya kawo shirin ga tambayar da ta fi damun mutane a yau. Annabawa wahayi ake yi musu, kuma wahayi ya yanke. To ma'aikacin da ke tunanin ajiye aiki, ko matar da ke tunanin bin miji wata ƙasa, ta ina za su san abin da Allah yake so? Malamai sun nuna hanyoyin da ke hannun kowa. Akwai abin da shari'a ta riga ta yanke, halal ko haram, wanda ba ya buƙatar mafarki. Akwai tambayar masu ilimin addini da masu sanin harkar da za a shiga. Akwai shawara da waɗanda sauyin zai shafa, musamman iyali. Sannan akwai sallar istihara, raka'a 2 da addu'ar neman zaɓin Allah, wadda sahabi Jabiru ya ce Manzon Allah yana koya musu ita kamar yadda yake koya musu sura daga Alƙur'ani. A cikin addu'ar mutum yana roƙon a sauƙaƙe masa abin in alheri ne, a kawar da shi in sharri ne, a kuma sa ya yarda da abin da aka zaɓa masa. Ba sharaɗi ba ne sai an yi mafarki.

Akwai kuma ma'aunin haƙƙi. Wani mutum ya zo wurin Manzon Allah zai yi mubaya'a a kan hijira, ya ce ya baro iyayensa suna kuka. Aka ce ya koma ya sa su dariya kamar yadda ya sa su kuka. Wannan ma'auni yana da amfani ƙwarai a yankin da aka ga ƙungiyoyi suna yaudarar samari su bar iyaye da makaranta su shiga daji da sunan hijira. Tafiyar da ta fara da mayar wa maƙiya ajiyarsu ba ta da alaƙa da tafiyar da ke ƙarewa da ƙona kasuwa. Haka nan magidancin da ya bar mata da 'ya'ya ba ci ba sha, ko ya gudu da bashin mutane, ya ce ya tafi neman yardar Allah, sai ya sake duba lissafinsa. Mai barin sana'ar haram kuwa, kyautatawa ce ya zauna da iyalinsa ya gaya musu gaskiyar abin da ke tafe, ya biya na biya, ya nemi wanda ya san sabuwar hanyar, ya kuma sa a ransa cewa watannin farko za su yi ɗaci.

Ga waɗanda ba su zaɓi tashin ba, waɗanda rikici ko ambaliya suka raba da garuruwansu, rabin wannan tarihi na masu masauki ne. Abu Ayyub Al-Ansari ya sauki Manzon Allah a gidansa kusan wata 7. Filin da aka gina masallacin Madina na wasu marayu biyu ne, Sahlu da Suhailu, kuma saya aka yi, ba a karɓe ba. Amsar addu'ar baƙo sau da yawa a hannun maƙwabci take fitowa.

Saura tambaya guda da duk wanda ya bar gida yake ɗauke da ita: ko za a koma? A shekara ta 8 bayan Hijira, wato 630, Manzon Allah ya shiga Makka da mutum 10,000. Aka tambaye shi ko zai sauka a gidansa, ya nuna cewa Aƙilu ɗan Abu Ɗalib bai bar musu gida ba, domin an riga an sayar. Gidan Banu Jahash, da suka fita gaba ɗaya suka rufe ƙofa, Abu Sufyan ya sayar da shi tuntuni. Mabuɗin Ka'aba kuwa aka miƙa shi ga Usmanu ɗan Ɗalha, mutumin nan da ya ja wa Ummu Salama akala, wanda a lokacin ya riga ya musulunta. Ansaru suka shiga fargabar cewa tunda Allah ya buɗe masa garinsa zai zauna a can. Ya tabbatar musu cewa rayuwarsa da mutuwarsa tare da su ne. Ya yi kwana 19 a Makka yana sallar ƙasaru irin ta matafiyi, a garin da aka haife shi. Bayan yaƙin Hunaini da na Ɗa'ifa ya koma Madina, a can ya yi wafati a 632, kuma Abubakar da Umar, 'yan Makka su ma, a gefensa aka binne su.